Tabon manja, goro da tawada a jikin kaya: yadda ake fitar da su ba tare da an kashe yadin ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawara. Farar shaddar maigidana ta ɓaci da manja a gaba, ga kuma ɗigon goro a ƙirji, ban lura ba sai bayan an goge ta. Na jiƙa ta a ruwan zafi da Hypo ta kwana. Manjan ya ragu, goron yana nan, shaddar kuma gaba ɗayanta ta yi ɗorawa-ɗorawa. Yarana ma kullum sai sun dawo da tawadar biro a aljihun yunifom. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Wanki da guga ne sana'ata, kuma shadda irin wadda kika kwatanta tana yawan zuwa hannunmu, musamman bayan Sallah da lokacin da bukukuwa suka yi yawa. Akwai abin da za a iya cetowa a jikinta, akwai kuma wanda wataƙila ya riga ya wuce. Zan faɗa miki kowanne tsakani da Allah.

Abin da nake so ki fara riƙewa shi ne kowane tabo da asalinsa, kuma asalin ne ke nuna maganinsa. Manja maiƙo ne. Goro rini ne. Jini da nono jinsinsu ɗaya ne, daban da sauran, tsatsa ƙarfe ce, tawadar biro kuwa launi ne da aka dama da wani sinadari wanda ruwa ba ya narkarwa. Abin da ke fitar da ɗaya yana iya zaunar da wani daram. Yawancin kayan da ake kawo mana a lalace, idan na bincika sai in tarar maganin da aka yi wa tabon ne ya yi ɓarnar, ba tabon kansa ba. Babban mai zaunar da tabo kuwa shi ne dutsen guga. Na lantarki idan aka ƙure shi don kayan auduga yana kai maki 200 a ma'aunin Salshiyas, na gawayi kuwa ba shi da ma'auni, ya danganta da yadda garwashin ya ruru. Duk tabon da wannan zafin ya bi ta kansa ya kama zare ke nan. Saboda haka kafin a goge kowace riga, a ɗaga ta a haske a duba ta ciki da waje. Da an yi wa shaddar Alhaji haka, da aikin bai kai rabin wanda ke gabanki yanzu ba.

Mu fara da manja, tunda shi ne ya fi addabar gidajenmu. Abu biyu ne a cikinsa: man kansa, da jan launin nan, wanda shi ne irin sinadarin da ke ba karas launinsa. Kowanne da hanyarsa. Idan manja ya ɗiga yanzu-yanzu, kada ki kusance shi da ruwa, kada kuma ki goge da tsumma, domin gogewa faɗaɗa shi take yi tana tura shi cikin saƙa. Ki kwashe na sama da bakin cokali, sannan ki barbaɗa masa gari mai shan mai: hodar jarirai, ko garin alli, ko garin sitaci, ko ma fulawa idan ita ce kusa. Ki zuba da kauri har ya rufe wurin, ki bar shi kamar rabin awa. Za ki ga farin garin ya rikiɗe ya zama ruwan lemo, ya dunƙule kamar ya ji danshi. Wannan man ne ya baro yadin ya koma cikin garin. Ki kakkaɓe, idan akwai saura ki sake. Daga nan sai ki ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke, irin su Morning Fresh, kai tsaye a kan busasshen yadin, ki murza a hankali da yatsa, ki ba shi minti 10 zuwa 15, sannan ki ɗauraye da ruwa mai ɗumi. An yi sabulun wanke-wanke ne musamman don ya karya maiƙo, shi ya sa ya fi omo aiki a nan. Sabulun salo ma yana yi a kan auduga mai ƙwari.

Bayan man ya fita, sau da yawa za ki ga wani ɗan jirwaye ruwan ɗorawa ya rage. A nan ne mutane ke rugawa ga bilic, alhali maganinsa na sama kyauta. Launin manja ba ya jure hasken rana. Ki shanya rigar da ɗan danshinta, wurin tabon yana kallon rana tsaka, ki dawo bayan la'asar. Yawanci za ki neme shi ki rasa. Idan ya yi taurin kai ki sake jiƙa wurin ki maimaita washegari. Farin kaya nake nufi. Atamfa da mai launi a taƙaita musu zaman rana don kada su koɗe. Naki da aka riga aka goge, ki tsallake matakin gari, ki fara daga sabulun wanke-wanke, ki bar shi ya ɗauki kamar awa guda, kuma ki sa ran sai kin yi sau biyu ko uku. Wannan hanyar ita ce ta man gyaɗa, man shanu, romon nama da miyar da ta ji mai. Turaren mai da humra ma haka, su ne ke barin zagayayyen jirwaye a ƙirjin shadda. Gara a shafa su a jiki ko a singileti.

Goro ya fi manja haɗari nesa ba kusa ba. Ki lura idan an tsaga farin goro aka ajiye, ba ya daɗewa sai wurin tsagar ya yi ja. Sinadaran da ke cikinsa, irin masu ba shi ɗaci da bauri, su ne ke canja launi da zarar sun sha iska, kuma haka suke yi a jikin riga: ɗigon da ba a gani da safe, da yamma ya zama ja, bayan kwana biyu ya koma ruwan ƙasa mai duhu. A Gambiya da Saliyo marina da goro suke rina yadi, su haɗa shi da baba su fitar da zane. Wato wanda ruwan goro ya ɗiga wa a riga, rini aka fara yi masa. Abin da ke ƙara zaunar da shi kuwa shi ne sabulun sanda da kanwa da toka. Duk wanda ya ɗauki sabulu ya dirza a kan sabon tabon goro zai ga ya ƙara duhu a gaban idonsa. Ruwan da ke da ƙarfe a ciki, kamar na wasu rijiyoyin burtsatse, yana mayar da shi baƙi-baƙi.

Yadda ake yi shi ne a juya rigar, a zuba ruwan sanyi ta bayan tabon don ya fita ta inda ya shiga. Sai a matsa lemon tsami ko a zuba farin ruwan khal, a bari minti 10, a ɗauraye, sannan a wanke da omo. Sabon tabo yakan tafi a nan. Tsoho irin naki sai an haɗa da haidurojin, ruwan nan da ake saya a kemis don wanke ciwo, mai kumfa idan ya taɓa jini. Ki nemi mai ƙarfin kashi 3 cikin 100. Idan na kashi 6 kika samu ki surka shi da ruwa daidai wa daida. Ki shimfiɗa farin tsumma a ƙarƙashin wurin, ki ɗiga haidurojin har ya jiƙe, ki ajiye a inda haske yake, ki riƙa ƙarawa idan ya fara bushewa, har kamar awa ɗaya. Sai ki ɗauraye sosai. A farin yadi ba shi da matsala, a mai launi kuwa sai an gwada a cikin kalmasa ko bakin aljihu tukuna. Ba zan yi miki alkawarin zai fita fes ba, domin goron da ya sha guga yakan bar inuwarsa. Amma yakan dushe har sai wanda ya san wurin ne zai gane.

Shayi, kofi da zoɓo 'yan gida ɗaya ne da goro, maganinsu ɗaya, kuma su ma ba sa son sabulun sanda da farko. Zoɓo ma da ya ji sabulu sai ki ga jan ya koma shuɗi ko kore-kore. Kada ki tsorata, lemon tsami zai dawo da shi ja, daga nan ya wanku. Idan shayin da madara ne, a fara da ruwan sanyi saboda madarar.

Yanzu maganar ɗorawar da shaddar ta yi. Hypo da Jik duk abu ɗaya ne, bilic mai sinadarin kulorin, kuma ba a yi shi don a jiƙa kaya ya kwana ba. Ƙa'idarsa ruwan sanyi, a surka shi sosai, kamar cokalin cin abinci 4 a ruwa lita 5, a tsoma farin kayan auduga minti 5 zuwa 10, a fitar a ɗauraye har warin ya tafi. A ruwan zafi ƙarfinsa yana tashi ya afka wa zaren kansa, shi ya sa rigar da ta saba shan bilic take yagewa a wuya da hammata tun ba ta tsufa ba. Kuma ba ya narkar da mai. Launin manjan kawai ya ci, maiƙon yana nan.

Ɗorawar tana da dalili biyu, kuma za ki iya gane wanne ne naki. Na farko ƙarfen da ke cikin ruwa. Idan ruwanku irin wanda ke barin ja a gindin bokiti ko tanki ne, bilic yana mayar da ƙarfen nan tsatsa nan take, ta bi duk jikin yadin. Wannan yana gyaruwa. Ki fara ɗauraye shaddar sau uku ko huɗu har babu sauran ƙanshin bilic ko kaɗan, sannan ki matsa lemon tsami a wani ɓoyayyen wuri ta ciki, ki sa a rana. Idan wurin ya yi fari ya bambanta da kewayensa, to tsatsa ce. Sai ki matse lemo kamar goma a ruwa lita 5, ki tace 'ya'yan, ki jiƙa ta awa ɗaya, ki shanya a rana, sannan ki ɗauraye da ruwa mai kyau, ko da ruwan leda ne, kafin guga. Dalili na biyu shi ne bilic ya ƙone sinadaran da masaƙa ta shafa wa yadin don ya yi fari da sheƙi, ko kuma yadin yana da gaurayen zaren roba. Idan lemon bai canja komai ba, wannan ne, kuma gaskiya ba ya komawa yadda yake. Bula za ta rage ganinsa, domin shuɗinta yana danne ɗorawa a ido, amma rufewa take yi, ba cirewa ba. Shawarata a irin wannan hali ita ce a kai ta marina a rina ta ruwan toka mai duhu, ruwan ƙasa ko shuɗi. Shaddar auduga tana karɓar rini da kyau, kuma ɗigon goron ma zai ɓace a ciki. Idan kina Kano, a Ƙofar Mata akwai marina da mabuga wuri ɗaya, a rina a buge ta dawo da sheƙinta.

Don Allah ki kula da wannan, domin maganar rai ce: kada a taɓa haɗa bilic da lemon tsami, ko khal, ko ruwan wanke masai irin su Harpic. Haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, kuma a rufaffen banɗaki tana iya kayar da mutum. Haka kuma ba a zuba shi a kan zanen gado ko ƙyallen yaro da ke jiƙe da fitsari sai an ɗauraye tukuna. Shi ya sa na nanata miki ɗauraya kafin lemo. A kuma daina ɗura bilic da kananzir a gorar lemo ko ta ruwa ana ajiyewa a ƙasa inda yara ke wasa.

Tawadar biro a aljihun yunifom ba ta da wuya idan ba a riga an wanke an goge ba. Maganinta sifirit, wanda ake goge wurin allura da shi, ko ruwan tsaftace hannu da ya yaɗu lokacin korona, domin yawancinsa sifirit ne. Ki ninke tsohon farin tsumma ki sa a ƙarƙashi, ki kifa tabon a kansa, ki jiƙa auduga da sifirit ki riƙa dannawa ta baya. Dannawa, ba gogewa ba. Za ki ga shuɗin yana sauka a kan tsumman. Da wurin ya rine sai ki matsar zuwa inda yake da tsabta, in ba haka ba tawadar za ta sake komawa cikin rigar. Ki fara daga gefen tabon ki nufo tsakiya don kada ya yi faɗi. Idan ya daina sauka, ki shafa sabulun wanke-wanke ki wanke. Biro mai tawadar ruwa-ruwa irin na zamani ya fi gardama, wani lokaci sai an ƙarasa da haidurojin idan rigar fara ce. Ki yi aikin nesa da murhu, sifirit yana kama wuta.

Tunda kina da yara, jini ma ba zai rasa zuwa ba, ko na haɓo ko na faɗuwa a filin ƙwallo, ga kuma na yankan kaza da na layya. Ruwan sanyi kawai. Jini a ruwan zafi dahuwa yake yi ya daskare kamar yadda ƙwai ke yi a tukunya, kuma da ya daskare a cikin zare fitarsa ta zama aiki. A jiƙa a ruwan sanyi da ɗan gishiri, a murza, a canja ruwan, sannan a sa omo mai sinadarin cin datti irin Ariel a bari rabin awa. Wanda ya bushe a ɗiga masa haidurojin, zai yi kumfa ya saki. Nono, madara, ƙwai, tumbuɗin jariri da kashinsa duk dokarsu ke nan. Kafaɗar rigar mai goyo da ke yin ɗorawa bayan an ajiye ta a akwati, tumbuɗi ne da bai fita sosai ba aka goge.

Tsatsa daga igiyar waya, ƙusa, fil ko zif kuwa, lemon tsami da gishiri ne: a matsa, a barbaɗa, a sa a rana, a maimaita har ta tafi. Bilic ƙara mata ƙarfi yake yi. Cingam a ɗora masa ƙanƙara ya yi tauri a ɓamɓare. Kakin kyandir a kankare, a sa takarda sama da ƙasa a bi da dutse mai ɗumi, takardar ta shanye. Baƙin mai na inji ko sarƙar babur, sabulun wanke-wanke da haƙuri. Masu gareji sukan sa kananzir, yana kuma yi a kan kaki da jins, amma a waje ake yi, a wanke shi shi kaɗai. Fetur kada a kusance shi, tururinsa kaɗai ya isa ya jawo gobara daga murhun da ke can gefe. Jan lalle yakan saki auduga idan an hanzarta da ruwan sanyi da omo. Baƙin nan da ake kira dayis kuwa, idan ya bushe a yadi sai dai rini.

Duk abin da na faɗa ya rataya ne a kan sanin yadin, kuma kayanmu ɗinkin tela ne, ba su da 'yar takardar da ke bayan wuya mai nuna yadda za a wanke. Saboda haka idan za a karɓo ɗinki, a roƙi tela ragowar ƙyalle a ajiye. A kansa za ki gwada duk wani magani kafin ki sa wa rigar. Da shi kuma za ki gane asalin yadin: ki zare zare kaɗan ki kusanta da ashana. Auduga tana ci da wuta, tana warin takarda, ta bar toka mai laushi. Zaren roba narkewa yake yi ya dunƙule ya zama ƙwallo mai tauri. Na roba yana riƙe maiƙo ƙwarai, ba ya son dutse mai zafi, ba ya son bilic. Siliki da ulu kuwa bilic cinye su yake yi, kuma omo mai cin jini da nono yana cin su su ma, don haka sabulu mai laushi ko shamfu ake sa musu.

Shadda mai tsada, irin Getzner da ake saƙawa a Ostiriya, auduga ce, amma sheƙinta a saman yadin yake, matsa shi aka yi da zafi da nauyi. Idan aka sa buroshi aka dirje wuri ɗaya, tabon zai fita ya bar fili dusu-dusu wanda ake hangowa daga nesa fiye da tabon. Da tafin yatsa ake bi da ita. Kuma idan kin yi wa wuri ɗaya magani, ki tsoma rigar gaba ɗaya a ruwa daga baya, in ba haka ba gefen inda ya jiƙe zai bar zobe. Wurin aikin wuya a kula, domin zaren surfani mai launi yakan zuba a kan fari idan ya daɗe a jiƙe. In kuwa atamfa ta zuba wa farin kaya a baho, kada a shanya. A fitar da shi nan take a sake wankewa da sabon ruwa da omo, sau biyu ko uku, tun launin bai bushe a ciki ba.

Dauɗar wuyan riga da bakin hannu maiƙon jiki ne ya haɗu da ƙura, shi ya sa ta fi yawa lokacin hunturu da ake shafa mai ga kuma hazo. A shafa shamfu ko sabulun wanke-wanke a bari minti 15 kafin wanki. Farar kanwa da aka jiƙa aka tace tana taimakawa a kan farin auduga mai maiƙo, kamar zanen gado da rigar matashi, amma ban da inda goro ko shayi ya taɓa. Da damina kuma kada a tara jiƙaƙƙen kaya a kwando ko a ninke wanda bai gama bushewa ba, musamman mai sitaci, domin baƙin ɗigo-ɗigon fumfuna yana fitowa cikin kwana biyu, kuma a kan atamfa da ƙyar yake fita. A farin auduga nan ne bilic yake da amfani na gaskiya, a bisa ma'aunin da na faɗa.

Idan kuma kika ga abin ya fi ƙarfinki za ki kai wa mai wanki, ki nuna masa wurin da hannunki, ki gaya masa mene ne ya zuba, yaushe, da duk abin da kika riga kika sa. Mutane da yawa suna jin nauyin cewa sun sa bilic, sai su yi shiru, mu kuma mu ɗora wani sinadarin a kan ragowarsa, yadin ya huje ko launi ya tashi. Ki kuma ce masa kada ya goge sai kin zo kin gani da idonki.